Makon ƙarshe a Kumasi: Me baƙo ke bari idan ya tafi?

Makonni biyar ke nan wannan fili bai ga alƙalamina ba, har wasu daga cikin masu karatu sun aiko suna tambayar ko lafiya. Lafiya ƙalau, na kuma gode da kulawa. Kamfanin da nake yi wa aiki ne ya tura ni Kumasi ta ƙasar Ghana, cikin ayarin ma'aikata goma sha biyu daga ƙasashe dabam-dabam, domin aikin sa-kai na wata guda. Irin aikin nan ne da kamfani ke ɗauke ma'aikacinsa daga teburinsa, ya ci gaba da biyan shi albashi, ya kai shi wata ƙasa ya ba ƙungiya ko hukuma shawara kyauta a fannin da ya ƙware. Tun da na dawo ake tambayata yadda tafiyar ta kasance, kuma duk amsar da na bayar sai na ga ta karkata ga makon ƙarshe. A cikinsa ne ake gane ko aiki aka je yi, ko kuwa yawon buɗe ido aka yi da kuɗin kamfani.

Kafin in shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san asalin wannan ɗabi'a. Tura baƙi masu ilimi su yi aikin sa-kai a ƙasashe masu tasowa ya daɗe. Birtaniya ta fara da ƙungiyar VSO a 1958, Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps a 1961, kuma Ghana ce ƙasar farko da ta karɓi 'yan wannan shiri. Mu ma Nijeriya muna da namu, wato shirin TAC da aka kafa a 1987 zamanin mulkin Janar Babangida, wanda ke tura likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da yankin Fasifik na tsawon shekara biyu. Shigowar manyan kamfanoni cikin harkar ita ce sabuwa. Kamfanin magunguna na Pfizer ya fara tura ma'aikatansa aikin lafiya a 2003. IBM ya ƙaddamar da shirinsa mai suna Corporate Service Corps a 2008, Ghana da Tanzaniya na cikin ƙasashen da ya fara zuwa, daga baya kuma ayarinsa ya yi aiki da gwamnatin Jihar Kuros Riba a kan kiwon lafiyar mata masu juna biyu da ƙananan yara. Kamfanin SAP na Jamus ya bi sahu a 2012. Tsarin IBM, wanda kamfanoni da yawa suka kwaikwaya, shi ne wata uku na shiri daga gida, wata guda a ƙasar da aka je, sannan wata biyu na bibiya bayan an dawo.

Kada kowa ya ɗauka sadaka ce tsantsa. Ruwa ba ya tsami banza. Kamfani yana horar da shugabanninsa na gobe a farashin da bai kai na manyan makarantun kasuwanci ba, yana leƙa kasuwar da yake hangen shiga, yana kuma samun hotunan da zai ƙawata rahotonsa na shekara da su. Ni ban ga laifi a wannan ba, muddin mai masauki ma ya tashi da rabonsa. Sai dai tambayar da ta tsaya mini a rai tun kafin mu tashi ita ce: ɗan TAC yana da shekara biyu, yana koyon harshe, yana cin tuwon gari, yana ganin damina da rani sau biyu. Mu kwana ashirin da takwas aka ba mu. Me mutum zai iya gyarawa a gidan wani cikin kwana ashirin da takwas?

An raba mu gida huɗu, mutum uku-uku. Ni da wata akanta 'yar Indiya da wani injiniyan kwamfuta ɗan Brazil aka haɗa mu da wata ƙungiyar adashi da lamuni ta mata 'yan kasuwa, mafi yawansu mazauna unguwannin zango, wajejen Aboabo da Asawase, masu sana'a a Kasuwar Kejetia da kewayenta. Su can adashi susu suke ce masa. Buƙatar da suka rubuto wa kamfani gajera ce: suna son a mayar da lissafinsu daga littafi zuwa kwamfuta.

Sai da muka zauna da su muka fahimci abin da ke ƙarƙashin wannan buƙata. A watan Mayun 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin lamuni 347 a rana guda, a watan Agusta kuma ya rufe wasu kamfanonin ajiya da lamuni 23. Mata da yawa a kasuwa kuɗinsu ya maƙale, wasu sun daɗe suna zarya kafin su ga wani abu. Tun daga lokacin duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya ajiye, kallon tuhuma ake yi masa. Sannan a 2022 gwamnati ta ɗora haraji a kan tura kuɗi ta waya, abin da ya sa wasu suka koma riƙe tsabar kuɗi a ɗaurin zane, kodayake an soke harajin a 2025. Saboda haka kwamfutar da matan nan ke nema, a gaskiya amana suke nema. Suna son kowace mace ta iya ganin abin da ta zuba da abin da ake bin ta ba tare da ta jira sakatare ya juya shafukan littafi yana gyaran murya ba.

Wani abu da ya sauƙaƙa mini aiki shi ne harshe. Abokan tafiyata biyu sai da tafinta, ni kuwa da Hausa nake magana da matan kai-tsaye. Hausar tasu ta ɗan bambanta da tamu, sau da yawa ba sa rarrabe namiji da mace a magana, har za ka ji an ce wa tsohuwa "ya zo", amma babu abin da ya ɓace a tsakani. Fataucin goro ne ya kai kakanninmu Gwanja da Salaga, daga can suka gangara Kumasi, kuma har yau sawunsu na cikin kwanon abincin ƙasar: koko da ƙosai da safe, waakye da rana wanda sunansa daga wake ya samo asali, tuwon zafi da dare. Ɗan Brazil ya yi ta mamakin yadda na sauka daga jirgi na tarar da dangi.

Makonni uku na farko ba su da wani dogon labari. Mun bi masu karɓar zubi cikin kasuwa, mun kwafe littattafai, mun yi tambayoyi har aka gaji da mu. Ranar Litinin ta makon ƙarshe ce gardama ta tashi a tsakaninmu, a ɗakin taron masaukinmu, kan abin da za mu bari.

Injiniyan namu ya riga ya zana manhajar waya, mai kyau ƙwarai, wadda kowace mace za ta buɗe ta ga asusunta. Ya yi aiki dare da rana a kanta, kuma duk wanda ya gani zai yaba. Akantar ta saurare shi har ya gama, sannan ta yi masa tambaya uku. Wa zai riƙa biyan kuɗin ajiye bayanan a intanet bayan mun tafi? In manhajar ta lalace ranar kasuwa, wa za a kira? Mata nawa ne a cikinsu ke riƙe da babbar waya, kuma nawa ne wayar a hannun 'ya'yansu take? Ta san abin da take faɗa, domin a ƙasarsu ƙungiyoyin mata na taimakon kai da kai sun yi ƙarfi tun da aka fara haɗa su da bankuna a 1992, kuma ta ce abin da ya riƙe su shi ne littafi mai tsabta da ake karantawa a bainar jama'a, tun kafin waya ta zo. Ni bayanta na goya. Ghana ta sha fama da ɗaukewar wuta, har suka raɗa wa abin suna dumsor, kuma a ofishin ƙungiyar mutum ɗaya ne kacal ya iya sarrafa kwamfuta, wato sakataren, saurayi ne da ke karatu a gefe, wanda ko gobe ya sami aikin albashi zai tafi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da muka tsayar shi ne jadawalin lissafi guda ɗaya a manhajar Excel, wanda ke aiki ko babu intanet, da katin zubi na takarda da kowace mace za ta riƙe a hannunta ana buga mata hatimi, da takardar bayani mai shafi biyu cikin Turanci da Hausa da Twi. Manhajar wayar kuma aka rubuta ta a matsayin mataki na gaba, tare da ƙiyasin abin da za ta riƙa ci a shekara, domin su yanke shawara da idonsu a buɗe. Na tausaya wa injiniyan. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ajiye abin da ya fi ƙwarewa a kai ya koma koya wa mutane yadda ake adana fayil. Amma ya yi, kuma shi ne ya zauna kwana uku cur da sakataren da wasu 'yan mata biyu 'ya'yan mambobi, yana ɗauke hannunsa daga kwamfutar yana barin su su yi da kansu, su ɓata, su gyara.

A nan nake son in ɗan tsaya, domin wannan ne ciwon da ke kashe irin waɗannan ayyuka. Ma'aikacin babban kamfani an horar da shi ya burge shugabansa. Abin da ya saba bayarwa shi ne rahoto mai shafi sittin da zane-zane masu launi da ake haskawa da majigi. Idan aka kai shi gaban ƙungiyar da ofishinta ɗaki ɗaya ne da fanka, sai ya ba ta abin da ya saba bayarwa, a tafa masa, a ɗauki hoto, a saka rahoton a durowa. Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar gwamnati a ƙasar nan ya san durowar da nake nufi. Cike take da shawarwarin ƙwararru da aka biya miliyoyi, waɗanda ba su faɗi wanda zai yi aikin ba, da ranar da zai yi, da inda kuɗin zai fito. A ganina duk shawarar da ba ta da sunan mutum a gefenta, wanda ya amsa da bakinsa cewa ya ɗauka, ba shawara ba ce, fatan alheri ne. Shi ya sa muka rage namu zuwa guda biyar, kowace da mai ita da wa'adinta, kuma sai da muka zauna da kowannensu kafin ranar taro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai abu mafi nauyi. Da lissafin ya hau kwamfuta, abin da littafi ya ɓoye ya fito fili: kaso mafi tsoka na bashin da ya wuce wa'adi yana hannun mutane ƙalilan, kuma yawancinsu dangin 'yan kwamiti ne. Babu alamar sata. Kunya ce da zumunci, irin wanda muka sani a gida, inda ba a iya tunkarar surukar ma'aji a ce ta biya. Amma kuɗin na mai sayar da tumatir ne da mai soya ƙosai, kuma idan aka ci gaba a haka asusun zai ƙafe.

Nan ma ra'ayi ya rabu. Wani daga cikin babban ayarin, Bature ne mai son gaskiya tsirara, ya ce a haska alƙaluman a taron rufewa kowa ya gani, tunda gaskiya aka kira mu mu faɗa. Wasu kuma suka ce a bar zancen gaba ɗaya, kada a ɓata ranar bankwana, ai kwamfuta aka ce mu kawo. Duka biyun ban yarda da su ba. Na farko zai tozarta dattawa a gaban baƙi, mu hau jirgi mu bar su da gaba. Na biyu kuwa cin amana ne, domin mun ga wuta a ɗaki mun ja ƙofa mun fita.

Da yammacin Laraba na je gidan shugabar ƙungiyar, dattijuwa ce da ta haura sittin, na tafi da takarda ɗaya tal. Bayan gaisuwa da shan ruwa na ce, "Hajiya, akwai abin da muka gani a lissafi, na ga bai dace ki fara jin sa a gaban jama'a ba." Ta sa tabarau ta daɗe tana duba sunayen. Sannan ta ce, "Ɗana, wannan ai ba sabon labari ka kawo mini ba. Abin da ban da shi takarda ce. Da baki na faɗa sai a ce ƙiyayya ce." Ta nemi a cire sunaye daga abin da za a haska, a bar jimilla, ita kuma za ta kira mutanen ɗaya bayan ɗaya kafin babban taron mambobi. Haka aka yi.

Wannan magana tata ta amsa mini tambayar da na taho da ita daga gida. Baƙon kwana ashirin da takwas bai fi 'yan gida sanin gidansu ba, kuma duk wanda ya je da wannan tunani zai sha kunya. Amfaninsa shi ne ba shi da suruki a kwamiti, ba ya neman kujera, kuma yana da lokacin zama ya tattara lissafin da masu gida ba su da sararin tattarawa saboda neman abinci. Zai iya ajiye takarda a kan tebur ya tafi, a bar laifin faɗa a wuyansa. Wannan ɗan ƙaramin amfani ne, amma na gaske ne.

Akwai kuma wani aiki na makon ƙarshe da ba a ɗaukar hotonsa. Kwamfutocinmu uku cike suke da sunayen mata da lambobin wayarsu da bashin da ke kansu. Ghana tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2012, Nijeriya ta samu tata a 2023, kuma ko babu doka, bai dace sirrin 'yar kasuwar Kejetia ya tsallaka teku a jakar wani ba. Ranar Alhamis muka miƙa komai ga sakatare a ma'ajiyar bayanai guda biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan shugaba, muka goge namu a gabansu, aka rubuta aka sa hannu.

Taron rufewa na Juma'a ya tafi yadda irinsa ke tafiya: addu'ar Musulmi da ta Kirista, jawabai, takardun yabo, aka rataya wa kowannenmu ƙyallen kente a wuya. Sakataren ne ya gabatar da jadawalin, mu muna zaune a cikin jama'a, kuma da wata mata ta miƙe ta nemi a nuna mata asusunta, cikin ɗan lokaci ya fito da shi. Da dare ayarin ya yi liyafarsa. Mutum goma sha biyu da wata guda da ya wuce ba su san juna ba, sun yi faɗa a kan aiki, sun yi jinyar juna a zazzaɓi, yanzu ga su suna hawaye. An buɗe zaure a WhatsApp, an yi alkawarin ziyara. Ina girmama wannan zumunci, amma na san ƙarfinsa. Ranar Litinin kowa zai tarar da saƙonnin wata guda suna jiran shi a ofis, kuma watanni biyun bibiya da ke rubuce a takarda su ne farkon abin da ake yanka wa wuya. Don haka kafin mu rabu, mu uku muka raba ranakun kiran waya da sunayenmu, muka ba shugaba da sakatare kwafi, domin su sami abin da za su tuhume mu da shi.

Ina da magana ga ƙungiyoyinmu da hukumominmu na nan gida, tunda irin waɗannan ayari suna zuwa Nijeriya, kuma za su ci gaba da zuwa. Kalmar kyauta tana sa mu sakin jiki. Alhali mai masauki yana biya da lokacin ma'aikatansa, da motarsa, da sirrin gidansa da ya buɗe. Wanda ya biya kuwa yana da ikon ya yi sharaɗi. Tun ranar farko a tambayi baƙi abin da za su bari a hannu ranar tafiya, a ware ma'aikaci mai jini a jika ya manne musu, a ƙi karɓar duk na'ura ko manhajar da ba a faɗi kuɗin riƙe ta na shekara ba. Kuma kada a tura musu wanda ya fi kowa iya Turanci alhali ba shi zai yi aikin ba.

Ɗalibai masu shirin zuwa hidimar ƙasa su ma zancen ya shafe su. Tun 1973 ake tura matasa garuruwan da ba nasu ba, kuma kowane rukuni yana barin rijiya ko ɗakin karatu ko allon suna. Ku zagaya bayan shekara biyu ku ƙirga nawa ne ke aiki. Galibi ba kuɗi ne ya gaza ba, an dai ƙaddamar ne a makon sallama, ba a damƙa wa kowa ba. Bankunanmu da kamfanonin sadarwa kuwa, waɗanda ke da akantoci da injiniyoyi jingim, ba sai sun tsallaka iyaka ba. Ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da asibitocin karkara da ke buƙatar wanda zai zauna musu wata guda a kan lissafi suna nan tsakanin Kano da Maiduguri da Sakkwato, kuma ma'aikacin da aka tura zai iya komawa bayan wata uku ya duba, abin da mu muka rasa.

A kiran farko da na yi makon jiya, sakataren ya ce an shigar da zubin sati biyu ba tare da tangarɗa ba, sai dai hatimin kati ya tsage an ba da a sassaƙo wani. Ɗaya daga cikin 'yan matan biyu ta daina zuwa saboda jarrabawa. Hajiya ta gana da mutum huɗu cikin masu bashin, biyu sun fara biya, ɗaya ta yi fushi ta ce za ta fice daga ƙungiyar. Babban taron mambobi yana nan ƙarshen wata mai zuwa, kuma a nan ne za a karanta lissafin a bainar jama'a karon farko. Kira na gaba na akantar ne, daga Indiya, ranar Talata.